Sittin da Huɗu a Minti Ɗaya

Jama'a, ku gyara zama, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Ni ce dai taku, 'yar aji uku a sashen kimiyyar lafiya, wadda ta saba zuwa muku da ƙorafin karatu. To wannan karon karatun bai tsaya a littafi ba. Ya biyo ni har falon gidanmu, ya sa na tafka abin da ko a mafarki ban zaci zan tafka ba. Kafin ku fara yi min dariya, ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ranar Alhamis muke da babbar jarrabawa, darasi biyu a takarda ɗaya: fisiyoloji, wato yadda jikin mutum ke aiki, da famakoloji, wato yadda magani ke aiki a cikin jikin. Sati uku ke nan ɗakinmu ni da ƙanwata Auta ya daina zama ɗaki. Jikin bango duk takardu ne a manne. Ga zanen zuciya da jan biro da shuɗi, ga ƙoda da na zana ta fito kamar ƙwayar wake, ga jerin magunguna tun daga saman madubi har ƙasan soket. A kan gado kuma katunan tambayoyina ne, guda ɗari da ashirin, ɗaure da robar gashi, tambaya a gaba, amsa a baya.

"Yaya, ni fa na manta kamannin fuskata," in ji Auta. "Kullum na zo shafa hoda sai in tarar da hanta tana kallona."

"Ki shafa wa hantar."

Matsalata ɗaya ce, kuma na san ta: ni 'yar hadda ce. Ka tashe ni daga barci ka ce adrenalin, zan zubo maka cewa shi ne sinadarin da jiki ke saki in mutum ya tsorata ko ya yi zumuɗi, zuciya ta ƙara gudu, ƙwayar ido ta buɗe, baki ya bushe, hannu ya ɗauki rawa. Zan zubo maka shi tas, har da lambar shafi. Amma ka ɗan juya tambayar, ka ce to me ya sa, sai ka ga na yi sororo ina kallonka.

Akwai kuma abin da ya kamata ku sani. Sati uku da suka wuce, a ɗakin gwaje-gwaje, malaminmu ya tsaya a kaina yana kallon aikina. Hannuna ya hau rawa kar-kar-kar, har bututun gilashi ya suɓuce ya tarwatse a gaban takalminsa. Kunya kamar in nutse. Washegari na je wurin likitar makaranta. Ta auna ni, ta tambaya ko ina da asma, na ce a'a. Sai ta rubuta min wata 'yar ƙwaya, ɗaya da safe ɗaya da yamma, har a gama jarrabawa. Na karanta sunan a jikin kwalin, har na ce a raina, a'a, ai muna da wannan a kati. Daga nan na jefa shi a jaka, na sa masa suna maganin rawar hannu, shi ke nan. Ta yamma kuwa ƙarfe uku nake sha, kafin in zauna karatu.

Masu karatun lafiya a cikinku, na ga kun fara dafe kai. Ku yi shiru don Allah, kar ku ɓata wa sauran.

Yanzu bari in kawo muku shi. Mai zanen taswirar gidaje ne. Ya fara zuwa gidanmu ne don ya auna inda Baba ke son ƙara ɗaki, ya gama awon ɗaki, bai daina zuwa ba. Wata biyar ke nan. Dogo ne, kullum farar riga mai dogon hannu a naɗe zuwa gwiwar hannu, baƙin alƙalami a aljihu, takalmi a goge kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Auta ce ta raɗa masa Malam To, domin duk abin da ka faɗa masa, amsar ɗaya ce.

"Yau ba zan iya fitowa ba, karatu ya yi yawa."

"To."

"Ka zo, amma minti ashirin kawai."

"To."

Saƙonninsa ma haka suke. Babu fure, babu hoton zuciya, babu "hasken idona". *Kin ci abinci?* *Ki ɗan miƙe ƙafa, kin daɗe a zaune.* *To.* Da jarrabawa ta matso, shi da kansa ya ce tunda hira na cin lokacina, a mayar da hirar karatu. Asabar, Litinin da Laraba, ƙarfe huɗu da rabi, zai zauna a kujerar kusa da taga ya ɗauki katunan yana yi min tambaya. Sunayen magungunan nan wahalar da shi suke yi, sai ya nisanta katin da fuskarsa ya karanta gaɓa-gaɓa kamar ɗan aji ɗaya. Duk wanda na faɗi daidai ya ajiye a tebur. Wanda na kasa, ya miƙo min ya ce, "Riƙe wannan, za mu dawo masa."

Kawunsa ya zo wurin Baba har sau biyu. Baba kuwa tsohon malamin lissafi ne, bai iya barin tambaya a allo ba amsa ba. Ya kira ni ya ce, "Dakta, ba zan matsa miki ba. Amma ba a ajiye ɗan mutane a tsaye haka. Ki gama jarrabawarki, ranar Juma'a ki ba ni amsa, e ko a'a."

E ko a'a. Ni da ko a jarrabawa na fi son a ba ni zaɓi huɗu.

Wallahi ban sani ba. Ban ƙi shi ba. In ya makara da minti biyar, nakan leƙa taga. In abin dariya ya faru a aji, nakan ajiye shi a raina in ce sai ya zo. To amma wannan shi ne so, ko sabo ne kawai? Wa zan tambaya? Mama dai ba ta tambayuwa, domin tun ranar da ya daidaita mata kantar kicin da ta karkace shekara biyu, ta gama yanke hukunci.

"Ke wai me kike nema ne?" ta ce tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mai fukafuki?"

"Mama, ni fa ban ce ba na so ba."

"Ba ki ce kina so ba kuma. Yaro mai hankali, mai sana'a, ya zauna yana karanta miki sunayen da ko ni uwarki ban iya faɗa ba. Ki miƙo min murfin nan."

Don haka na rubuta wa ƙawata, wadda muke kira Farfesa saboda ita ke zuwa ta ɗaya a ajinmu, kuma an riga an tsayar da maganar aurenta.

*Ta yaya kika san kina son naki?*

Ko minti ɗaya ba a yi ba ta amso. *Jiki ba ya ƙarya, yarinya. Babi na huɗu. Ni in ya kira, agogona har gargaɗi yake min. Jiya 118.*

*Da gaske?*

Sai ga hoton fuskar agogon, 118 ɓaro-ɓaro. *Baki na iya yaudara. Adrenalin ba ya yi. Ba kina da irin agogon ba? Ki auna mana.*

Na kalli tsintsiyar hannuna. Agogon da babban yayanmu ya aiko min, mai nuna bugun zuciya, yana nan ɗaure. Sai na ji kamar an kunna min fitila a ka. To ai shi ke nan! Me ya kai ni wahalar da kaina da tunani, alhali ga kimiyya a hannuna? In so ne, adrenalin zai zuba, zuciya ta ruga. In ba so ba ne, za ta yi zamanta. Har na buɗe shafin ƙarshe na littafina na ja layi uku: rana, dalili, bugu.

Asabar ya zo. Ina jin sallamarsa na saci kallon agogo. Sittin da huɗu.

Na ce wataƙila bai gama shiga idona ba. Na jira ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki kati.

"Jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya, yaya ake lissafa shi?"

"Yawan bugu a minti, sau yawan jinin da ke fita a kowane bugu."

"Daidai. Wannan ko ni na gane, irin lissafin famfon ruwa ne."

Ya yi murmushi. Na duba. Sittin da biyar. Tabɗi.

Lahadi da rana ya kira a waya, na bar ta ta yi ta ruri ina kallon agogo. Sittin da uku. Raguwa ma ta yi!

Litinin na ce bari in taimaka wa zuciyar nan, wataƙila ba ta shirya ba ne. Na sa doguwar rigata koriya mai duhu, wadda nake ɓoyo don fita ta musamman, na yafa mayafi ruwan madara, na sa kwalli, na fesa turaren Mama a sace. Auta ta bi ni da kallo har ƙofa.

"Yaya, karatun ne haka?"

"Rufe min baki."

Na zauna na ƙura masa ido da gangan, na ƙirga har ashirin a raina. Bawan Allah ya shafa haɓarsa, ya shafa kumatu.

"Lafiya? Akwai wani abu a fuskata ne?"

"Babu. Ci gaba."

"To."

Sittin da shida. Ranar ma na kasa amsa da yawa, domin rabin hankalina na kan agogo. Katunan da na kasa suka taru a hannuna, kafin mu gama tawadar duk ta narke ta ɓata min tafin hannu, wasu ma ba sa karantuwa. Dama haka suke min duk ranar da ya zo, ina cewa zafin falon ne. Ya juya su ya ce, "Alƙalaminki ba shi da kyau. Kawo duka, zan sake kwafe miki da nawa. Laraba zan kawo." Ɗari da ashirin fa, jama'a. Na ce ya bari, ya ce to, ya sa su a aljihu ya tafi da su.

Talata da yamma ina kicin, babbar tukunya ta suɓuce daga saman kantar Mama ta faɗo a bayana, ƙara kamar rufin gida ya rufto. Na yi tsalle na ƙwalla ihu. Da na dawo hayyacina na duba agogo, saba'in. Kun san me na ce wa kaina? Na ce oho, ashe na zama jaruma. Ko da wasa ban haɗa wannan da komai ba.

Na zauna a bakin gado na buɗe shafin ƙarshe. Sittin da huɗu. Sittin da biyar. Sittin da uku. Sittin da shida. Na tura wa Farfesa hoton.

*Kai,* ta rubuto. *Wannan ai bugun mai barci ne. Ki yi haƙuri, ƙawata.*

Sai kawai na ji hawaye na zubo min. Ku duba ruɗani! Ina kukan ba na son mutum. Wace irin mace ce ke kuka don ta gano ba ta so? Na ce wa kaina tausayi ne, mutumin kirki ne, shi ya sa. Kuma tunda mutumin kirki ne, bai kamata in cuce shi ba. Ya cancanci mai ɗari da sha takwas.

Laraba da safe, ana gobe jarrabawa, na kasa karanta ko layi ɗaya. Na buɗe babin ƙoda, fuskarsa nake gani. Na ce gara in sauke wannan kayan, in shiga jarrabawa da kai ɗaya. Na sami Baba a baranda yana shan shayi, tabarau a ƙarshen hanci.

"Baba, amsar nan. A'a ce."

Ya ajiye kofin a hankali. "Ai Juma'a na ce miki."

"Na riga na gama tunani."

"Ya yi miki wani abu ne?"

"Ko ɗaya. Kawai dai... na auna, Baba. Babu."

"Kin auna." Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. "Kin tabbata, Dakta? Ni in na faɗa wa mutane magana, ba na komawa in ce wasa nake."

"Na tabbata."

"Shi ke nan. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Mama da ta ji, tsaki ɗaya ta ja, ta ci gaba da goge kantar nan tata kamar ita ta yi mata laifi. Ni a zatona Baba zai riƙe maganar har Juma'a. Na manta da wa nake magana.

Da rana aka yi ruwa, gari ya yi sanyi. Ƙarfe uku na sha ƙwayata. Ƙarfe huɗu da rabi daidai na ji sallamarsa, gabana ya faɗi. Wato ji na yi ya faɗi, amma agogo ya ce sittin da huɗu. Na zura hijabin sallata a kan rigar barci na fito, ba kwalli ba turare, ido a kumbure. Me ya rage da zan yi wa kwalliya?

Yana zaune a kujerarsa, kafaɗun rigarsa a jiƙe. Ya ajiye katunan a tebur, sababbi fil, an yanke su daidai wa daida, rubutun nan nasa a tsaye kamar na inji. Har lamba ya sa wa kowanne a kusurwa.

"Mu fara?" ya ce.

Na gyaɗa kai. Na ce a raina bai sani ba, bari in bar shi ya gama, Juma'a ya ji daga sama. Kunya ta hana ni kallonsa.

Muka yi ta tafiya. Yadda ƙoda ke tace jini. Yadda saƙo ke gudu a jijiya. Bambancin maganin da ke buɗe ƙofa da wanda ke tsayawa a bakin ƙofar ya hana kowa shiga. Na ci wasu, na kasa wasu, yana miƙo min ina tarawa a hannu.

"Arba'in da ɗaya. Pro... pra... no... lol. Me yake yi wa zuciya?"

Wannan ai ruwa ne a wurina. "Yana zama a ƙofar da adrenalin ke shiga zuciya, ya tare ta. Saboda haka ko mutum ya tsorata, ko ya yi zumuɗi, bugun ba zai tashi sosai ba. Ana ba masu hawan jini, da masu rawar han..."

Na tsaya.

"Masu rawar me?" ya ce yana duba bayan katin.

Miƙewa na yi na faɗa ɗaki, na zazzage jakata a kan gado. Biro, cingam, katin makaranta, kwali. Na juya shi. Propranolol. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, sunan da na haddace tun aji biyu, sunan da na karanta da idona ranar da aka ba ni. A kaina, na kati yana zaune a jarrabawa, na jaka kuma maganin rawar hannu ne, ba su taɓa gaisawa ba. Sati uku na sa wa zuciyata mai gadi a ƙofa, sannan na zauna ina jiran baƙo ya shigo! Har na yi wa tukunya fassarar jarumta!

"Yaya, lafiya?" in ji Auta daga kan gadonta.

"Na shiga uku."

"Wane babi ne kuma wannan?"

Na koma falo. Kaina ya ƙara kullewa, domin ku lura, wannan bai ce ina sonsa ba. Cewa kawai ya yi awon banza na yi. Na koma inda na faro, sai dai yanzu na riga na ce a'a.

"Mu ci gaba?" ya tambaya.

"Ci gaba."

"Arba'in da biyu. A cikin abubuwan da jiki ke yi in ya yi zumuɗi, wanne ne ba ta ƙofar adrenalin yake bi ba, har wancan maganin ba ya hana shi?"

"Gumi," na ce, muryata can ƙasa. "Shi wani sinadarin daban ke tafiyar da shi."

"Daidai." Ya kai hannu zai karɓi katunan da na bari a hannun kujera, sai ya tsaya yana juya su. "Ikon Allah. Na zaci alƙalaminki ne mara kyau. Ashe nawa ma haka yake yi."

Na buɗe tafin hannuna. Baƙi ƙirin, tawadarsa ta bi duk layukan tafin. Gari a sanyaye, fanka a kashe ma don sanyi, hannuna kuma sharkaf. Katunan nan ina riƙe su awa biyar ni kaɗai a ɗaki, ba su taɓa narkewa ba. Na riƙe su a gaban Farfesa, na riƙe su a mota, ba su narke ba. Asabar, Litinin, Laraba kawai.

Ban san sanda bakina ya ɓalle ba. Na faɗa masa komai, agogon, layi ukun, koriyar rigar, ɗari da sha takwas na Farfesa, har tukunyar. Ina yi ina haɗa kalmomi, ina nuna masa kwalin, ina nuna masa hannu. Yana saurare bai katse ni ba. Abu ɗaya kawai na kasa faɗa, abin da na ce wa Baba da safe.

Da na yi shiru, ya jera katunan ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa.

"Kawu ya kira ni ƙarfe goma sha ɗaya," ya ce.

Na ɗago na kalle shi, ya ci gaba.

"Baba ya kira shi. Na sani tun ɗazu."

"Ka sani? Ka sani ka zo? Cikin ruwan nan?"

"Jarrabawarki gobe ce. Katunanki na wurina." Ya dubi katunan. "Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Na zauna a ofis na kasa ja ko layi ɗaya. Amma na ce Laraba zan kawo."

Jama'a, na yi mutuwar zaune. Mutumin da aka ce wa a'a da safe, ya zauna da yamma yana fama da pro-pra-no-lol don kar in faɗi. Ni kuma ina neman shaida a wurin agogo.

Ya ajiye katunan ya miƙe. "Saura saba'in da takwas. Ki sa Auta ta ƙarasa miki, ta fi ni iya sunayen."

Har ya kai bakin get kafin ƙafafuna su tuna aikinsu. Na bi shi da silifas ɗin Baba, ƙafa ɗaya ma a juye, ruwa na ɗiga daga indararo.

"Tsaya!"

Ya juyo. Na ɗaga masa tafin hannuna kamar 'yar sandan hanya.

"Ka ga wannan?"

"Na gani. Tawada ce."

"Gumi ne! Na gaya maka, maganin ba ya tare..."

"Ni ban karanta abin da kuka karanta ba," ya ce a hankali. "Amma na kwafe katunanki ɗari da ashirin, wasu sun zauna min. Na arba'in da uku ya ce ba a yanke wannan maganin farat ɗaya. Na goma sha biyu ya ce in an daina magani, sai an ba shi lokaci kafin ya gama fita daga jiki. To ki yi jarrabawarki. Ki koma wurin likitarki. In ta ce ki daina, ki jira ya fita, ki sake aunawa. In ya nuna sittin da huɗu, ba komai. Ba na so ki ce e don na jiƙe a ruwa."

Na kalli agogon. Ko a lokacin, wallahi ko a lokacin, sittin da bakwai yake nunawa, ko a jikinsa. Ni kuma bakina ya bushe ƙamas, kuma abu ɗaya na sani ba tare da wani babi ba: in get ɗin nan ya rufe a bayansa, ba wanda zan ajiye wa labarin abin dariyar da ya faru a aji.

Na kwance agogon. Maɗaurin ya ƙi fita, na fizge shi da haƙori. Na miƙa masa.

"Riƙe wannan," na ce. "Ba za mu dawo masa ba."

Ya kalli agogon a tafinsa, ya kalle ni. Karo na farko a wata biyar, Malam To bai ce to ba.

"Ba ni za ki faɗa wa ba," ya ce. "Maganar ta wuce hannuna tun ƙarfe goma sha ɗaya."

Na juya. Mama na tsaye a ƙofar kicin da ludayi, Auta na leƙe ta bayanta. Na wuce su na doshi ɗakin Baba, mutumin da ya ce min da safe in ya faɗa wa mutane magana ba ya komawa. Ƙofar a rufe take, fara tas, sabon fenti. Na ɗaga hannu na buga sau uku da tafina, na bar masa baƙin shatin yatsu biyar a jiki.

"Waye?"

"Ni ce, Baba."

Sai na ji ƙarar kujera, na ji takunsa yana matsowa.

"Dakta," ya ce ta bayan ƙofa, bai buɗe ba tukuna. "Wannan karon me kika auna?"

"Ban auna komai ba, Baba," na ce, muryata na rawa duk da maganin. "Ina sonsa ne kawai."